Filin Lafiyar Iyali: Lita Nawa Ne Na Ruwa A Jikinka?



Babu gida a Tampouy da bai san bido mai cin lita 20 ba, wanda ake turowa a kura idan famfo ya ɗauke a watan Afrilu. To, magidanci mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da ruwan bido biyu da ɗoriya a jikinsa, wato kimanin lita 42. Kashi biyu cikin uku na wannan ruwa yana cikin ƙwayoyin halittar jiki, sauran kuwa yana kewaye da su da kuma cikin jini.

Masana suna gano haka ne ta hanyar shayar da mutum wani ruwa mai alama, su jira sa'a uku zuwa huɗu, sannan su auna yadda ya tsinke a cikin miyau. Kamar a zuba shuni cokali ɗaya a randa ne: gwargwadon kodewar launin, gwargwadon yawan ruwan randar.

A gida kuwa lissafi ya wadatar. Ruwan jikin namiji baligi kashi 60 ne cikin 100 na nauyinsa, na mace 50 zuwa 55, na dattijo wajen 50, na sabon jariri kuwa 75.

A nan ne abin lura yake. Jariri mai kilo 4 ruwan jikinsa lita 3 ne kacal. Idan gudawa da amai suka raba shi da abin da bai kai rabin lita ba, wato kofi biyu, ya rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, kuma rayuwarsa tana cikin haɗari. Alamomin su ne faɗawar maɗiga, zurmawar idanu, da ƙarancin fitsari. Uwa ta ƙara ba shi nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, wanda ake kira SRO, sannan a garzaya da shi asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba.

Dattawanmu ma ajiyarsu kaɗan ce, ga shi ƙishirwa ba ta saurin kama su. Azumin shekarar 2024 ya faɗo cikin tsananin zafin Maris da Afrilu, har garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. A irin wannan yanayi, a riƙa miƙa musu ruwa daga buɗa-baki zuwa sahur, ko da ba su nema ba. Wanda rashin lafiya ya raunana kuwa shari'a ta yi masa rangwame.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.