Ra'ayinmu: A Auna Ɗaki Kafin A Sayi Na'urar Sanyi

A Magaria da Dungas gidajen bene na ƙaruwa, amma sau da yawa sai an gama rufi sannan maigida ke tunawa da zafi. Daga nan sai ya nufi Zinder ko Kano ya ce a ba shi na'urar sanyaya ɗaki "babba". Kuskuren ke nan.

Na'urar da ta yi wa ɗaki ƙanƙanta ba ta hutawa a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40. Wadda ta yi girma kuma sai ta riƙa kashewa da kunnawa, ta ci kuɗin saye, ta gaji da wuri. Mai ƙarfin doki ɗaya, wato kusan BTU 9,000, takan wadatar da ƙaramin ɗakin kwana a ƙasa. Ɗakin sama mai faɗi ɗaya da shi yakan buƙaci fiye da haka, domin rana na dukan rufinsa, musamman in tagarsa na duban yamma.

Akwai kuma batun wuta. A Agustan 2023 Najeriya ta katse lantarkin da take ba Nijar, kowa ya ji a jikinsa. Gidan da ya tara manyan na'urori, janareto ko sola ba za su ɗauke shi da sauƙi ba.

Shawararmu ga magina da masu gida: a yi lissafi ɗaki-ɗaki tun a zane, a sa silin mai kare zafi, a yi wa tagogi inuwa. Tsofaffin gine-ginen ƙasa na Birnin Damagaram, masu kaurin bango, sun daɗe da koyar da wannan darasi.