RA'AYINMU: A Kafa Wa Alƙalan Wasan Tanis Ƙungiya A Kafanchan

A shekarar 2025 masu shirya gasar tanis ta Wimbledon a Ingila suka sallami alƙalan layi, wato mutanen nan da ke tsayawa a gefen fili suna duba ko ƙwallo ta faɗa ciki ko waje, suka maye gurbinsu da na'ura bayan shekara 147 ana aikin da idon ɗan Adam. Gasar Ostireliya ma ta riga su tun 2021. Wanda ya ji wannan labari zai iya zaton zamanin alƙalin tanis ya wuce. Mu dai a namu ganin, a Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna ana nan ana bukatarsa ƙwarai, domin na'urar da ke aiki da kyamarori barkatai da lantarkin da ba ya yankewa ba ta kusa isowa filin makaranta a Kagoro ko Zonkwa ba.

Ya kamata mai karatu ya san nauyin da ke kan mutumin nan mai zama bisa doguwar kujera a bakin raga. Filin tanis tsawonsa mita 23.77 ne, faɗinsa kuwa mita 8.23 idan mutum biyu ne ke karawa. Ƙwallon da ta taɓa layi, ko da gefenta ne kawai, ta faɗa ciki ke nan. Ɗan wasa yana da daƙiƙa 25 tsakanin maki da maki, da daƙiƙa 90 lokacin canza gefe. Idan ya taka layi kafin ya buga ƙwallon farawa, ya yi laifi. Wanda ya yi zagi ko ya jefar da raket don fushi, da farko a yi masa gargaɗi, na biyu a ba abokin karawarsa maki, na uku a ƙwace masa wasa ɗaya cikin shidan da ake nema a ci zagaye. Duk wannan sai an koya, kuma hukumar tanis ta duniya takan yi wa dokokin gyara lokaci lokaci.

To, idan babu horarren alƙali, me ke faruwa? Ko dai 'yan wasa su yi wa kansu hukunci, ko a ɗora wani malamin makarantar da ta karɓi baƙi a kan kujera. Ko mutumin kirki ne, da zarar ya ce ƙwallon baƙo ta fita, sai a ce son kai ya yi. A wani wuri maganar za ta ƙare a ƙunƙuni. Amma yankin da ya ga rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 da kuma wanda ya biyo bayan zaɓen 2011 ya san yadda ƙaramar gardama ke rikiɗa ta zama ta ƙabila ko ta addini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙungiyar da ta haɗa Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Hausawa da Fulani da sauransu, wadda ita ce ke tura alƙalin da ba shi da ɗa ko ɗalibi a cikin wasan, za ta toshe wannan kafa tun kafin a buga ƙwallon farko.

Amfani na biyu shi ne horo. Mutum ɗaya ba zai iya gayyato malami daga Hukumar Tanis ta Nijeriya ya zo ya koyar da shi kaɗai ba, amma mutum ashirin masu shugaba da sakatare da adireshi za su iya. Har ila yau, aikin alƙalancin tanis yana da matakai. Daga shaidar ƙasa sai farar lamba ta hukumar duniya, sannan ta tagulla, ta azurfa, har ta zinariya, wadda masu ita ne aka saba ba wa wasannin ƙarshe na manyan gasa. Hukumar ƙasa ce ke gabatar da wanda zai shiga makarantar samun lambar, ita kuwa ba za ta gabatar da wanda ba ta da labarinsa ba. Littafin ƙungiya, inda aka rubuta wasa nawa wane ya yi alƙalanci da yadda ya yi, shi ne zai kai sunan ɗan Kwoi ko Kachia gaban hukuma. Tun da yake manyan gasa sun rage ɗaukar masu duba layi, wanda a da nan ne sabon shiga ke koyon aiki, ƙananan gasannin gida su ne makarantar da ta rage.

Na uku, ƙungiya garkuwa ce. Ita za ta tsayar da ladan da za a biya alƙali da kuɗin motarsa tun kafin gasa, don kada ya wuni a rana a sallame shi da godiya. Idan wani mai faɗa a ji ya ci mutuncinsa saboda an cire ɗansa, ita za ta tsaya masa. Idan kuwa shi ne ya karɓi na goro, ita za ta dakatar da shi.

'Yan wasa ma za su ci moriya. Ƙasar nan ta fitar da Nduka Odizor, wanda ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, da Sadiq Abdullahi, wanda ya wakilce ta a wasannin Olamfik na birnin Seoul a 1988. Amma yaron da bai taɓa wasa a gaban alƙali ba, ran da ya je gasar Dala a Kano ko ta Babban Bankin Nijeriya, zai zubar da maki a kan taka layi da ɓata lokaci, laifuffukan da ba wanda ya taɓa faɗa masa a gida.

Kafanchan ce ta dace da zama cibiya. Tun 1927 ta zama mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa, inda wadda ta taso daga Fatakwal ta Inugu ke rabuwa zuwa Kaduna da Jos. Ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a, tana da filin wasa na gari da reshen Jami'ar Jihar Kaduna, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya kusa da ita. Malaman motsa jiki da ɗalibansu, maza da mata, su ne za su zama 'yan ƙungiya na farko, ba sai sun yi tafiyar sa'o'i zuwa Kaduna kowane taro ba.

Mun san wasu za su ce tanis wasan masu hali ne, kuma jama'a na da matsalolin da suka fi wannan. Gaskiya ne, amma abin da ake nema bai wuce littafin dokoki da agogo da takardun rubuta maki da kujera ba. Abin tsoron shi ne kada ƙungiyar ta zama dandalin neman muƙami. Saboda haka a rubuta tsarin mulkinta, a ƙayyade wa shugabanni wa'adi, a riƙa karanta lissafin kuɗi a gaban kowa, kuma a yi mata rajista da hukumar wasanni ta jiha.

Daga ƙarshe muna kira ga 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal. Ku kun fi kowa sanin darajar ƙungiya, domin ita ke raba muku gardama a kasuwa, ita ke kai gawa gida. A taronku na gaba ku sa wannan magana cikin ajanda. Wanda ke aiki a kulob ɗin tanis na Onikan ko na Ikoyi ya nemo littattafan dokoki da tsofaffin kayan wasa, masu hali su ɗauki nauyin kwas na farko a lokacin hutun ƙarshen shekara da kowa ke gida. Allah ya sa a ji, a kuma aikata.