Mu daina ɓoye ciwon sukari

Shekara 11 ke nan ina auna masara da gero a kasuwar Aboabo da ciwon sukari a jikina. Shekara uku na farko ɓoyewa na yi. In an miƙo mini koko mai sukari a gidan suna, sai in shanye don kada a gane. Ƙishirwa ba ta barina, dare guda in tashi fitsari sau biyar, ina ta ramewa, ana cewa sammu ne. Ban dawo hayyacina ba sai da ɗan ƙurji a yatsan ƙafata ya yi wata biyu bai warke ba, aka kai ni Asibitin Koyarwa na Tamale.

Abin da na koya tun daga lokacin shi nake so in faɗa wa 'yan'uwana: juriya da wannan ciwo daga faɗarsa take farawa. Da na gaya wa maƙwabciyar rumfata, ta san in ta ga hannuna na rawa, gumi na keto mini, sukarina ne ya faɗi, sai ta ba ni abin zaƙi nan take. Da na gaya wa 'ya'yana, tukunyar gida ta sake: malmalar tuwon zafi ta ragu, miyar ayoyo da zogale ta ƙaru, wake ya fi shinkafa yawa a kwanona.

Sauran kuma aikin kullum ne. Da asuba in soki yatsa in auna. Allurar insulin ba ta son zafi, ga shi a watan Maris rana a Tamale takan kai digiri 40, don haka in wuta ta ɗauke nakan sa kwalbar a leda in ajiye cikin randa. Katin inshorar lafiya, wadda Ghana ta kafa dokarta a 2003, ba na bari ya mutu. Kafin azumi nakan ga likita, domin addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Masu lasifika suna zagaya kasuwa da kwalabe, suna cewa sati biyu ciwon zai tafi. Na saya, na ajiye allurata, na kwanta asibiti. Ciwon sukari lallaɓa shi ake yi har ƙarshen rai. Kafin a gano insulin a Toronto a 1921, yaron da ya kamu da mai tsananinsa ba ya daɗewa a duniya. Mu da muka tarar da magani, kunya ce za ta hana mu amfani da shi?

Tawakkali gaskiya ne, amma da ɗaure raƙumi ake haɗa shi. Hajiya, Alhaji, in kuna da ciwon nan ku faɗa wa na kusa da ku yau. In kuma ƙishirwa da yawan fitsari sun dame ku, ku je a auna. Ƙafata da ta kusa salwanta, da ita nake takowa kasuwa kowace safiya.