Kamun Gwauro a Zangon Agege: Ina Iyakar Hukuncin Wasa?

Masu iya magana na cewa, da wasa ake faɗa wa wawa magana. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa wasa makaranta ce, domin a cikinsa ake naɗa sarauta, a tuɓe rawani, a ci tara, har a kunyata mai laifi a bainar jama'a. Abin da nake son mu duba, ya mai karatu, shi ne iyakar irin wannan hukunci, musamman a zangonninmu na Legas kamar Agege, inda na tashi.

Mu fara da gida. A wasan kalankuwa da samarin ƙauye kan yi bayan kaka, akan naɗa Sarki da Alƙali da Gwamna da 'yan doka, wanda duk ya karya dokar dandali a gurfanar da shi, a ci shi tara. Haka kuma a littafin Baba of Karo na Mary Smith, wanda ya fito a 1954, an kawo yadda samari da 'yan mata ke da ƙungiyoyin wasa masu sarautunsu. A birnin Kano kuwa akwai Nalako, sarkin gwagware, wanda kan fito da azumi lokacin tashe ya kama gwauro, a ɗaura masa igiya, a zaga gari da shi ana kiɗa ana yi masa dariya.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan ba. A Amurka, a 1991, kamfanin White Wolf ya fitar da wani wasa mai suna Vampire: The Masquerade, inda kowane ɗan wasa kan ɗauki matsayin dodo mai shan jini da ke ɓoye cikin mutane. Kowane birni na da yarimansa, akwai kuma 'yan fada waɗanda aikinsu shi ne ɗaga darajar wani ko zubar da ita. Wanda ya tona asirin jama'arsa sai a rage masa matsayi, idan laifin ya yi muni a ba kowa izinin farautarsa. Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, kowa da ƙafarsa ya shigo wasan. Na biyu, dodon ake hukuntawa, ba mutumin ba, da an tashi kowa ya koma gida da mutuncinsa.

Idan muka auna wasanninmu da wannan ma'auni, kalankuwa ta tsallake, domin Alƙalin yau shi ne abokin noman gobe, kuma laifin da aka ci tara a kansa a dandali aka aikata shi. Amma kamun gwauro fa? Gwauro bai nemi shiga wasa ba, laifinsa kuma ba na wasa ba ne, halin rayuwa ne. Idan aka kwance igiya, sunan yana nan.

A nan ne zancen Agege ya shigo. Da azumi yaranmu kan yi tashe kamar takwarorinsu na Arewa, kuma tsokanar gwauro na cikin abin da muka gada. To amma wane ne gwauro a Legas? Zangon nan cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa suka raya shi, kuma har gobe cike yake da 'yan ci-rani: mai dako, mai shayi, mai wankin takalmi, mahaucin Oko-Oba. Wani ya baro iyali a Arewa saboda ba zai iya biyan kuɗin hayar shekara guda a dunƙule ba. Wani kuwa aurensa ya mutu ne da sana'arsa ta karye, kamar 'yan acaɓa da gwamnatin Legas ta hana aiki a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022, ta ƙara wasu 4 a Satumba. Irin wannan bawan Allah ne za mu tara wa yara su bi shi da gwangwani?

Na san wasu za su ce ai manufar wasan ita ce zaburar da mutum ya yi aure, kuma al'adar da aka cire wa yaji ta zama lami. Ban ƙi ta tasu ba. A garin da dangi ke kusa, idan aka kunyata gwauro akwai masu taruwa su nema masa mata, su haɗa masa lefe. A zango kuwa, dariya kawai ake bar masa. Mutunci madara ne, idan ya zube ba ya kwasuwa.

Shawarata ga Sarkin Hausawa da masu unguwanni da shugabannin matasa ita ce, a riƙe tashe, amma a gindaya masa sharaɗi. Kada a kama kowa sai wanda ya yarda, ko kuma wani daga cikin 'yan wasan ya yi shigar gwauro. Kada a ɗauki hoton mutum a watsa a Facebook ko TikTok, domin kunyar dā da Sallah take ƙarewa, ta intanet kuwa ba ta da ranar ƙarewa. Abin da aka tara kuma a taimaka wa mai niyyar aure da shi. Mu tuna cewa a 2024 'yan sanda sun hana tashe a Kano saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi. Wasan da masu shi suka kasa yi wa linzami, hukuma ce za ta yi masa takunkumi. Allah ya sa mu gyara.