Sharhi: Yadda harshen Python zai iya kafuwa a Gaya ba tare da jiran tallafin waje ba

A watan Agustan 2025, gidauniyar Python Software Foundation da ke Amurka ta sanar da dakatar da shirinta na bayar da tallafi, saboda buƙatun da ake aika mata sun fi ƙarfin kuɗin da ta ware. Da wannan asusu ne ƙungiyoyi da dama a Afirka suke biyan kuɗin ɗakin taro, intanet da abincin mahalarta idan sun shirya horo kan Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta da Guido van Rossum ya fitar a 1991.

Labarin bai ja hankali sosai a ƙasar Hausa ba, amma ya taɓo tambayar da ta shafi matasan garuruwa irin su Gaya, a jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar: idan kuɗin waje ya tsaya, me zai riƙe masu koyon wannan sana'a wuri guda?

A duniyar manhaja, harshe yana rayuwa ne da yawan masu amfani da shi da ke amsa wa juna tambaya. Python kyauta ce, kowa na iya sauke ta. Abin da ke da wuyar samu shi ne wanda zai duba aikin ɗan koyo, ya nuna masa inda ya kauce. Matasa da yawa sun fara da bidiyon YouTube, suka ajiye bayan 'yan makonni saboda babu wanda za su tambaya.

A Afirka ta Yamma, manyan taruka ne suka fi yin suna. An yi PyCon Nigeria na farko a Legas a 2017, aka kuma yi PyCon Africa na farko a birnin Accra na Ghana a 2019. Tarukan sun haɗa mutane, sai dai sau ɗaya ake yin su a shekara, kuma kuɗin mota da masauki sun fi ƙarfin ɗalibin da ke Gaya, mai nisan kusan kilomita 300 daga Yamai.

Misalin da ya fi kusa shi ne Arewa Data Science Academy, wadda Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka kafa. Ana koyar da Python kyauta ta intanet, kowane rukuni na da masu sa ido a kansa, kuma waɗanda suka kammala kan dawo su taimaka wa na baya. Daga cikin waɗannan masana ne aka samu ƙungiyar HausaNLP, mai tattara rubutun Hausa domin kwamfuta ta fahimce shi. Haɗuwa a kai a kai, da aikin da ya shafi rayuwar mahalarta, su ne suka riƙe wannan tafiya.

Gaya na da abubuwan da za a gina a kansu. Ta garin ne babbar wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa ke bi daga Yamai da Dosso zuwa Benin. Jami'ar Dosso, da aka kafa a 2014, ta mayar da hankali kan fasahar zamani, kuma ɗalibanta 'yan asalin yankin kan dawo gida hutu. Kamfanin Starlink ma ya fara aiki a Nijar a 2025.

Akwai kuma buƙatar aikin yi. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville. Ko da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren bisa dalilan tsaro. Masu fiton kaya, 'yan dako da masu cike takardun kwastan sun ga kasuwa ta ja baya, jama'a suka koma tsallaka kogin Kwara da kwale-kwale. Matashin da ya saba da lissafin kaya da rasit yana da rabin abin da ake buƙata wajen rubuta ƙaramar manhajar ajiye bayanan shago, kantin magani ko ƙungiyar manoman shinkafa. Irin wannan aiki ne zai sa ɗan koyo ya ga amfanin dawowa mako mai zuwa.

Cikas mafi girma shi ne harshe. Ɗan Gaya ya yi boko da Faransanci, yawancin littattafan Python kuwa da Ingilishi suke. A nan Hausa ke da rawar takawa. Kundin da hukumomin Nijar suka amince da shi a Maris 2025 ya ayyana ta a matsayin harshen ƙasa, kuma da ita ake ciniki tsakanin Gaya da Kamba ta jihar Kebbi, ko da yake Dandanci da Zabarmanci na da ƙarfi a garin. Malami daga Kano ko Sakkwato zai iya yi wa ɗalibin Gaya bayani da Hausa ta WhatsApp, shi kuma ya fassara wa abokinsa da ba ya jin ta.

Sai matsalar lantarki. Katse wutar da Najeriya ta yi a Agustan 2023 ya nuna hatsarin dogaro da layi ɗaya. Duk wurin haɗuwar da za a zaɓa, ko ajin makaranta ne ko shagon buga takardu, yana buƙatar faranti mai amfani da hasken rana kafin komai.

'Yan Gaya mazauna Kwatano, Faransa ko Amurka na iya cike wani ɓangare na gibin da gidauniyar ta bari. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da kuɗin data na wata na da amfani, amma sa'a guda a mako da ƙwararre zai ware don duba aikin ƙannensa ta fi su tasiri. Hatsarin shi ne a ɗora komai a kan mutum guda. Da zarar ya samu aiki a Yamai ko ya yi ƙaura, sai taron ya watse. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka daɗe ke raba nauyi tun farko, su kuma ba wanda ya yi wata shida yana koyo damar koyar da wanda ya zo jiya.