Wanda Aka Hana Aiki, An Hana Shi Aure

A ƙasar Zuru, golmon Dakarkari yakan auna mai neman aure da shekarun da ya yi yana noma gonar surukai. Yau ofis ma yana wannan awo: nan ma'aikaci makaho da ma'aikaciya gurguwa suke fara gaisawa, su san halin juna, har magana ta kai gaban manya. Masu kiran aurensu rufin asiri raina su suke yi, domin da saninsu suka zaɓi juna. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware wa masu nakasa aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ma'aikatar da ta yi biris da ita ta hana su albashi, ta kuma rufe ɗakin da za su haɗu.