Ra'ayinmu: Juyi Ɗaya a Mimbari, Biyu a Gida

Duk mai zuwa sujadar Hausa a Minna, ko a Bosso ne ko Tunga ko Maitumbi, ya san wannan ɗan ruɗani. Fasto ya ambaci sura da aya, wata dattijuwa a layin zumuntar mata ta buɗe littafinta da bangonsa ya gaji, saurayi a can baya ya latsa waya, mai karatu kuma ya ɗaga murya daga wani bugu daban. Aya ɗaya ce, amma lafazi uku. In an tashi sai ka ji ana tambaya a bakin ƙofa: wai wanne ne na ainihi?

Amsar tana cikin tarihi. Da Ibrananci aka rubuta Tsohon Alkawari, ban da 'yan wurare na Aramaik, Sabon Alkawari kuwa da Helenanci. Saboda haka duk abin da ke hannunmu juyi ne, har da King James na 1611 da wasu ke ɗauka tamkar da Turancinsa ya sauko. James Schön ne ya soma juya littattafan zuwa Hausa a shekarun 1850, Dorugu kuma, yaron da Bature matafiyi Barth ya tafi da shi Ingila, ya taimake shi da harshen. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan doguwar wahalar da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. Sai juyin 1979 na ƙungiyar Bible Society of Nigeria, wadda aka kafa a 1966. Daga baya ƙungiyar Biblica ta fito da juyin Sabon Rai Don Kowa.

Masu riƙe da tsohon juyi suna da hujjarsu, kuma ba mu raina ta ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji su. Da lafazinsa iyayenmu suka yi hadda, da shi suke addu'a, da shi aka ta'azantar da su a bakin kabari. Wanda ya shekara hamsin da aya a bakinsa, ba a raba shi da ita rana ɗaya. Sai dai harshe ba ya tsayawa wuri ɗaya. An buga juyin 1932 kafin haruffa masu lanƙwasa su zauna a rubutun boko, lokacin da ake rubuta "chikin" a maimakon "cikin". Akasarin masu sujadar Hausa a Minna kuwa Gbagyi ne da Nufawa da Kambari da Kamuku da sauransu, waɗanda Hausar yau da kullum suka tashi da ita. Yaron da ke tuntuɓe a kowane layi, ba da jimawa ba zai rufe littafin.

Su ma masu sabon juyi sun yi gaskiya da suka ce amfanin karatu fahimta. Amma sauƙi yana da farashi. Juyin da ya fi damuwa da fitar da ma'ana yakan zaɓar wa mai karatu fassara ɗaya a inda asalin ya bar ƙofa biyu a buɗe. Wanda ke bin kalma da kalma kuma yakan bar jimla a murɗe, har sai malami ya warware ta. Kowanne da inda ya fi, da inda ya gaza.

Akwai kuma abin da mai saye ya kamata ya duba tun a kanti: jerin littattafai. Na Katolika 73 ne, na ECWA da Baptist da makamantansu 66. Kowa ya nemi wanda ikilisiyarsa ke karantawa.

Kayan nazari, wato sharhi da ƙamus da taswira da bayanan ƙasan shafi, alheri ne babba. Africa Bible Commentary da ya fito a 2006 ƙarƙashin jagorancin Tokunboh Adeyemo, aikin malaman Afirka 70, ya taɓo batutuwan da ke cikin gidajenmu, irin su maita da auren mace fiye da ɗaya da halin gwauraye. Duk da haka, bayanin ƙasan shafi ra'ayin ɗan Adam ne, ko da bango ɗaya ya haɗa shi da Nassi. Haka ma waya. Manhajoji irin su YouVersion sun tara juyi da yawa kyauta, wasu har da murya, abin da ya zama gata ga tsofaffi da waɗanda ba su yi boko ba. Illarta ita ce ta saba wa matasa da tsintar aya ɗaya tilo, a tura ta WhatsApp ba tare da sanin abin da ya gabace ta ko ya biyo ta ba.

Kada kuma Hausa ta danne harsunan gida. Nufawa sun sami cikakken Littafi Mai Tsarki a 1953 ta hannun A. W. Banfield, Gbagyi ma suna da Sabon Alkawari a harshensu, ƙungiyar Nigeria Bible Translation Trust da ke Jos kuma tana wannan aiki da ƙananan harsuna tun 1976. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ga matsayinmu. Kowace ikilisiya ta tsayar da juyi ɗaya don karatu a mimbari da haddar makarantar Lahadi, mai wa'azi kuma ya riƙa faɗin juyin da yake karantawa. A sujadar Hausa, juyin 1979 muka fi ganin ya dace, domin ya tsaya tsakanin nauyin na da da sauƙin na yanzu. A gida kuwa kowane mai bi ya ajiye aƙalla juyi biyu, ya riƙa gwada su. Inda suka saɓa, nan ne wurin tsayawa a yi tambaya, matambayi kuwa ba ya ɓata. A karanta sura ɗungurungum kafin a leƙa sharhi. Dattawan ikilisiyoyin Minna, ku zauna kan wannan batu a taronku na gaba, ku yanke shawara, ku sanar da jama'a.